Yadda Ake Tantance Tsohuwar Kyamarar 'Yan Leƙen Asiri Kafin a Saya

Kyamarar Minox ta farko, wadda masana'antar VEF ta riƙa ƙerawa a Riga, babban birnin Latbiya, tsawonta santimita 8 ne kacal. In mutum ya dunƙule hannu, ta ɓace. Walter Zapp ya ƙirƙiro ta a 1936 don matafiyi ya samu abin ɗaukar hoto da zai jefa a aljihu, sai hukumomin leƙen asiri suka lura tana ɗaukar rubutun takarda tas daga nisan santimita 20. Da irinta Kanar Oleg Penkovsky ya kwashe wa Amurka da Birtaniya dubban shafukan sirrin sojan Tarayyar Sobiyet, kafin a kama shi a 1962. Wannan tarihi shi ke jan masu tara tsoffin kyamarori, shi kuma ke sa sabon shiga biyan kuɗin da ya wuce ƙima.

Mai niyyar tarawa yakan fara da zaɓen fage, domin fagen da faɗi. Akwai ta Stirn ta 1886, faifan ƙarfe da ake ratayawa ƙarƙashin falmaran, idonta na leƙowa ta ramin maɓalli. Akwai Ticka ta Ingila mai siffar agogon aljihu, da Echo 8 ta Japan da aka ɓoye cikin abin kunna sigari, da Tessina ta Suwizalan da ake ɗaurawa a wuyan hannu. Wanda ya ce duka zai bi, kuɗinsa zai ƙare bai san ko ɗaya ciki da bai ba. Minox ta fi dacewa da mai koyo, don an ƙera ta da yawa, an rubuta tarihinta sosai, kuma har yanzu ana iya sa mata fim.

Da kyamara ta shigo hannu, nauyinta za a fara ji. Ta Riga da ƙarfen da ba ya tsatsa aka yi ta, tana kai giram 130. Waɗanda aka ci gaba da yi a Jamus daga 1948 na alminiyon ne, kusan rabin wancan nauyi. Sai a karanta rubutun jikinta. Galibin na Riga an zana musu sunan Latbiya, amma wasu da aka haɗa bayan Sobiyet ta mamaye ƙasar a 1940 suna ɗauke da sunan Sobiyet. Kimanin dubu 17 kawai aka yi a Riga, abin da ya sa farashinsu ya yi wa na sauran fintinkau. Samfurin B kuwa, wanda ya fito a 1958 da ma'aunin haske a gefe guda, ya haura dubu 380.

Daga nan sai gwaji, kuma nan ne ake daɗewa. Ana riƙe ƙarshen kyamarar biyu a ja, ta zame ta buɗe, tagar leƙe da idon kyamarar su bayyana. Zamewar ta kasance sumul, ba cijewa, ba lakwa-lakwa. A tagar idon ana ganin wani ɗan da'ira a jikin ƙyauren haske, alamar kyamarar ta ɗana. A latsa maɓalli, da'irar ta ɓace. Ana maimaita haka a kowane mataki na saurin ƙyauren, tun daga rabin daƙiƙa har kashi ɗaya cikin dubu, da kyamarar a bakin kunne. Matakai masu jinkiri su ke tona asiri: in man ciki ya daskare, zirin ƙarar zai ja ya tsaya a hanya. Wannan yana gyaruwa a hannun gwani. Amma ƙyauren kansa fallen ƙarfe ne siriri ƙwarai, in ya lanƙwashe sai an samo wani daga matacciyar kyamara.

Sai a danna ɗan makullin ƙasa da farce, a buɗe ɗakin fim, a haska tocila ta cikin idon. Farin zare-zare kamar saƙar gizo-gizo funfuna ce, kuma in ta daɗe takan ci fatar gilashin har abada.

Ma'aunin hasken B ba ya son batir, hasken da ya faɗa masa shi ke motsa allurarsa, sai dai shekaru suna raunana shi. A nufi taga da shi, a danna maɓallinsa, a ga ko allurar ta tashi da kuzari. Ko ya mutu kyamarar na aiki. Samfurin C na 1969, irin wanda John Walker ya yi amfani da shi wajen sayar da sirrin sojan ruwan Amurka har aka cafke shi a 1985, ba ya motsi sam sai da batir. Ainihin batirinsa na zaiba an daina yi, sai a haɗa ƙananan batura a cikin mariƙi na musamman. A duba wurin da kyau ko tsohon batir ya zubar da ruwa ya cinye ƙarfen.

Kada a raina sarƙar da ke rataye da gidan fatar Minox. Tsawonta santimita 60, da ƙananan duwatsu a santimita 20, 24, 30 da 40. Mai ɗaukar takarda yakan aza dutsen a kan shafin, ya miƙe sarƙar, ya juya faifan nisa zuwa lambar da ta dace. Wannan sarƙa ta ƙara sauƙaƙa amfani da abin aljihun matafiya wajen leƙen asiri, kuma kyamarar da ta rasa tata darajarta ta ragu.

Gwaji na gaskiya shi ne a ɗauki hoto. Kowane dodon hoto milimita 8 ne a 11, a kan fim mai faɗin milimita 9 da 'yan kai. Masu sha'awa kan tsaga fim na milimita 35 cikin duhu da wani katako mai rezoji, su fitar da zare biyu daga tsakiya, su naɗe cikin tsohon kwanson Minox. Tankin wankinta ba ya buƙatar ɗaki mai duhu, kuma ruwan magani kaɗan yake ci. Dogon layi a jikin dodon yana nuna akwai datti a hanyar fim, baƙi-baƙi a gefe kuma haske ne ke sata.

Saura labarin mai sayarwa. Mafi yawan Minox masu hali ne suka saye su a kanti don hotunan iyali da na tafiye-tafiye. F-21 ta KGB, hukumar leƙen asirin Sobiyet, mai aiki da wani irin na agogo, wadda ake ɓoyewa bayan maɓallin kwat ana harba ta da waya daga aljihu, ita kam don leƙen asiri aka yi ta, kuma ta cika kasuwa bayan rushewar Sobiyet a 1991. Amma ɗinka mata sabon maɓalli a kira shi na asali abu ne mai sauƙi. Duk da'awar cewa wani jami'i ya riƙe kyamara, in ba takarda ko shaidar gidan gwanjo mai mutunci, kada a ƙara mata ko kwabo.

A ajiye kyamarar a busasshen wuri, ba cikin gidan fatarta ba domin fata na riƙe laima, a cire batir, a riƙa harba ƙyauren lokaci-lokaci. Mai son farawa ya nemi Minox B mai lafiyayyen ƙyaure, da sarƙarta da kwanson fim ko da guda ɗaya.