BABI NA TARA: GUBAR ƘARAFA, ƘIBA DA CIWON SHANYEWAR ƁARIN JIKI

9.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, idan magidanci ya kwana lafiya ya wayi gari baki a karkace, hannu da ƙafa sun saki, akan ce iska ce ta buge shi, ko kuwa jifa aka yi masa. Wannan babi zai dubi ciwon ta fuskar kimiyya, tare da abubuwa biyu da ke share masa hanya, wato gubar ƙarafa masu nauyi da kuma ƙiba. Za a kawo misalai daga unguwannin Kaduna da ke arewacin kogi.

9.1 Ma'anar Ciwon

Shanyewar ɓarin jiki takan auku ne a lokacin da jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko dai saboda toshewar jijiya, ko saboda fashewarta. Babban abin da ke haddasa duka biyun shi ne hawan jini, wato awon da ya kai 140/90 ko ya zarce. Wani bincike da aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Gana, ciki har da na koyarwa na Zariya da Kano, wanda aka buga a 2018, ya nuna cewa hawan jini shi ne kan gaba wajen jawo ciwon.

9.2 Ƙarafa Masu Guba

Waɗannan su ne ƙarafan da jiki ba ya da bukatarsu, kuma idan sun shiga ba sa fita da wuri. Fitattu daga cikinsu su ne dalma da zaiba da kadmiyam. Ana samun zaiba a wasu mayukan sauya launin fata, kadmiyam kuwa a hayaƙin taba.

An ga ɓarnar dalma a fili a shekarar 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, sakamakon dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje. An sake ganin irin haka a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015.

A birni kuwa, dalma takan shiga jiki ne sannu a hankali. Mai gyaran batirin mota a Kurmin Mashi, da mai walda ko narkar da tarkacen ƙarfe a Panteka, da mai kankare tsohon fenti, dukkansu suna iya shaƙar ƙurarta, ko su kai ta baki tare da abinci. Haka kuma akan same ta a wasu nau'o'in kwalli. Motocin da suka bi titunan Ahmadu Bello da Ali Akilu sun shafe shekaru suna ƙona fetur mai dalma kafin a daina sayar da shi a farkon shekarun 2000, kuma dalmar da ta sauka a ƙasa ba ta ruɓewa.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ke jikin baligi tana taruwa ne a ƙashi, inda takan zauna shekaru masu yawa tana komawa jini kaɗan-kaɗan. Tana lalata ƙoda, tana sandarar da jijiyoyi, daga nan jini ya hau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa. Ta kuma danganta mutuwar mutane fiye da miliyan 1.5 a 2021 da dalma, akasarinsu ta hanyar cututtukan zuciya da jijiyoyin jini.

9.3 Nauyin Jiki

Bahaushe yakan ɗauki teɓa a matsayin alamar wadata. Likitoci kuwa suna auna ta da lissafi: a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau kansa. Misali, mai kilo 90 da tsawon mita 1.7 zai sami 31. Daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 an shiga ƙiba, ƙasa da 18.5 kuwa rama ce.

Ƙiba takan ƙara wa zuciya aiki, ta jawo hawan jini da ciwon sukari. Ashe ke nan ita da dalma hanya ɗaya suke bi: kowacce tana raunana jijiya. Idan suka haɗu a jikin mutum guda, an ɗora wa jaki kayan jakuna biyu.

Sai dai ramamme ma bai tsira ba. Cikin da ba abinci, da jikin da ke ƙarancin sinadaran da ke gina jini da ƙashi, sun fi saurin tsotsar dalma. Yaro yakan tsotsi ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke tsotsa.

9.4 Rawar da Malami Zai Taka

Da yawa daga ɗalibai sukan tashi daga makaranta su zarce garejin da suke koyon sana'a. Ya kamata malami ya koya musu:

(a) wanke hannu da sabulu kafin cin abinci;
(b) barin tufafin aiki a wurin aiki;
(c) tunatar da iyaye awon jini a kai a kai, da rage gishiri da maiƙo;
(d) gane alamomin ciwon, wato karkacewar baki, sakin hannu da harɗewar magana, da gaggauta kai marar lafiya babban asibiti irin na Barau Dikko, domin sa'o'in farko su ne mafi muhimmanci.

9.5 Kammalawa

An ga cewa dalma da ƙiba suna haɗuwa ne a hawan jini, shi kuma ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Ana ganin teɓa da ido, amma dalma da hawan jini sai an yi awo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Jinga

1. Bayyana hanyoyi biyu da shanyewar ɓarin jiki ke aukuwa.
2. Lissafa awon nauyin mai kilo 72 da tsawon mita 1.6, sannan a faɗi rukuninsa.
3. Tsara darasin minti 35 a kan gubar dalma domin 'yan aji shida na firamare.