Dabarun Jiyofiziks wajen Neman Yuraniyom: Nazari daga Kwarin Tim Mersoi

Tsakure

Maƙalar ta duba hanyoyin da masana ke bi su gano ma'adinin yuraniyom kafin a kafa injin haƙa. An fi mayar da hankali ga awon tartsatsin gamma, domin shi ne ginshiƙin aikin, kuma a cikinsa ne kuskure ya fi samun mafaka. An ɗauki kwarin Tim Mersoi na arewacin Jamhuriyar Nijar a matsayin babban misali, aka kuma waiwayi Kanada da Ostareliya inda hali ya yi.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1957 ne masu binciken ma'adinai na Faransa suka ci karo da alamun yuraniyom a Azelik, alhali tagulla suka fita nema. Hukumar makamashin nukiliya ta Faransa ta ɗora daga nan, aka kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da ma'adinin a Arlit a 1971. COMINAK ya biyo baya da ramin Akuta na ƙarƙashin ƙasa a 1978, wanda aka rufe a watan Maris na 2021. Tsakanin alamar farko da buhun farko akwai shekara goma sha huɗu, kuma kaso mai yawa na waɗannan shekaru a awo da haƙa rijiyoyin gwaji ya tafi.

Jiyofiziks, a taƙaice, shi ne auna halayen dutse ba tare da an fasa shi ba: nauyinsa, da ƙarfin maganaɗisunsa, da yadda yake barin lantarki ya ratsa shi, da tartsatsin da yake fitarwa. Kalmar "tartsatsi" da aka zaɓa a nan aro ce daga maƙera, kuma tana da rauni guda, domin tartsatsin maƙeri ido na ganinsa, wannan kuwa sai na'ura. An dai gwammace ta a kan "tururi" da wasu kafofin labarai ke amfani da ita, saboda tururi iska ke kaɗa shi, gamma kuwa miƙewa yake yi kamar haske.

2.0 Awon Tartsatsin Gamma

Yuraniyom yana cikin kusan kowane dutse, gwargwadon kashi 2 zuwa 3 cikin miliyan a ɓawon ƙasa. Saboda haka tambayar mai bincike ita ce inda ya taru har ya kai a ci riba. Ana ɗora na'ura mai ɗauke da manyan ƙwayoyin sodiyom ayodaid a cikin ƙaramin jirgin sama, ya riƙa kai da komo bisa layuka a jere, a tsayin da bai cika wuce mita 100 ba sosai. Kowane tartsatsi da ya daki ƙwayar yakan haifar da ɗan walƙiya, na'ura ta ƙirga shi, ta kuma auna ƙarfinsa. Ta wannan ƙarfi ake rarrabe tushe uku: fotashiyom a 1.46, yuraniyom a 1.76, toriyom kuma a 2.61, duk bisa ma'aunin miliyan elektaron-bolt.

A nan ne gizo ke saƙar. Yuraniyom-238 da kansa kusan ba ya fitar da gamma da za a iya kamawa daga sama. Abin da na'ura ke ji a 1.76 muryar bismut-214 ce, wani jika na can ƙasa a cikin jerin sinadaran da yuraniyom ke rikiɗa zuwa gare su kafin ya ƙare a dalma. Ke nan ana ƙirga jikoki ne a ƙiyasta kaka. Lissafin yana tafiya daidai muddin zuriyar na zaune gida ɗaya, ba wanda ya fita, na tsawon fiye da shekara miliyan guda. Sai dai zuriyar ba ta da hali ɗaya. Yuraniyom yana narkewa cikin ruwa mai iskar oksijin ya bi shi, radiyom-226 kuwa a irin wannan ruwa yakan tsaya inda yake. Radon-222 iska ce, rabin yawanta kan ƙare cikin kwana 3.8, kuma kafin nan tana iya sulalewa ta ƙofofin dutse ta tafi. Sakamakon haka, wuri na iya yin ƙara a na'ura alhali ruwa ya daɗe da kwashe yuraniyom ɗinsa, wani wurin kuma ya yi shiru alhali sabon ma'adini ne ya kwanta a ciki bai kai ga tara jikoki ba. Wannan ne dalilin da ya sa rahotannin masana ke rubuta "kwatankwacin yuraniyom" a kan taswirar gamma, kuma mai karanta irin wannan rahoto da ya tsallake kalmar "kwatankwaci" ya tsallake rabin ma'anarsa.

Iyaka ta biyu ta fi wannan sauƙin fahimta. Gamma ba ya iya ratsa ƙasa mai kauri. Mafi yawan abin da jirgi ke kamawa daga santimita 30 zuwa 45 na sama yake fitowa. Yankin Agadas ya yi sa'a ta wani ɓangare, domin babu daji ko danshi da za su danne tartsatsin, kuma a gefen yammacin duwatsun Ayar shimfiɗun dutsen yashi sun fito fili. Amma tulin rairayi mai kaurin mita ɗaya ya isa ya rufe bakin ma'adini ruf. Ramin Akuta yana da zurfin kimanin mita 250. Babu jirgin da ya taɓa jin sa daga sama.

Don rage wannan makanta ne ake binne ƙananan kofuna masu ɗauke da fim a cikin ƙasa na 'yan makonni, su riƙa tattara sawun radon da ke tasowa. Dabarar ba ta da tsada, amma zafi da iska da danshi suna juya sakamakonta, kuma wuya ne a gina hukunci a kanta ita kaɗai.

3.0 Neman Gidan maimakon Mai Gidan

Idan ma'adini ya yi zurfi, sai a koma neman irin mazaunin da yake so. A Tim Mersoi, ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya ɗauko narkakken yuraniyom, wanda ake danganta asalinsa da duwatsun Ayar, ya bi da shi ta cikin dutsen yashi, har ya iske ruɓaɓɓen tsiro da sinadarin farait a tsofaffin hanyoyin kogi. A nan ya rasa oksijin ya daskare. Shimfiɗun Gezuman da Tarat su ne suka riƙe ma'adinan Akuta da Arlit, kuma duka suna kusa da babbar tsagewar ƙasa ta Arlit wadda ta miƙe daga arewa zuwa kudu. Awon maganaɗisu daga sama yana nuna irin wannan tsagewa da zurfin tsohon dutsen da ke ƙarƙashin kwari. Awon turjiyar lantarki yana raba yashi mai ruwa da laka, wato yana zana hanyar kogin da ya ƙafe tun kafin a yi ɗan'adam. Awon amo kuma, inda ake girgiza ƙasa a saurari dawowar sautin, yana fitar da jerin shimfiɗu filla-filla, sai dai da tsada.

A kwarin Atabaska na Kanada wata dabara ce ta yi fice. Ma'adinai masu ƙarfi irin na Cigar Lake, wanda aka gano a 1981 a zurfin fiye da mita 400, da na McArthur River a 1988, suna zaune ne kusa da jijiyoyin girafait, sinadarin bakin fensir, wanda lantarki ke bi cikin sauƙi. Ana aika igiyar lantarki da maganaɗisu cikin ƙasa a auna amsar da ta dawo. Jijiyoyin suna da tsawon kilomitoci, mafi yawansu kuma fanko ne. A Ostareliya, haɗuwar alamar nauyi da ta maganaɗisu ce ta ja kamfanin Western Mining ya haƙa a Olympic Dam a 1975. Tagulla yake nema, ya tarar da ita tare da tarin yuraniyom mafi girma da aka sani a duniya. Kwaso dabarar Atabaska a kawo ta Arlit ɓata kuɗi ne, tun da gidajen ba iri ɗaya ba ne.

4.0 Cikin Rijiyar Gwaji

Duk taswirar da aka zana, hukunci yana hannun rijiyar gwaji. Ana zura na'urar gamma da igiya, a jawo ta a hankali tana ƙirga, a samu kauri da ƙarfin kowace shimfiɗa. Da yake matsalar kaka da jikoki tana nan har a cikin rijiya, wajibi ne a ciro ɓargon dutse daga wasu rijiyoyin a kai ɗakin gwaji, a kwatanta awon sinadari da na gamma, a fitar da adadin gyara. Akwai kuma na'urar da ke harba nutiron cikin bangon rijiya ta sa yuraniyom-235 ya tsage, ta ƙirga abin da ya fito. Ita yuraniyom ɗin kansa take aunawa, kuma an yi amfani da ita a ma'adinan dutsen yashi na Ostareliya da Amurka.

Muhimmancin adadin gyaran ya fi bayyana a ma'adini mai rauni kamar Imuraren, wanda aka gano a 1966, inda yuraniyom bai kai kashi 0.1 cikin ɗari na dutsen ba. A irin wannan wuri, ɗan kuskure a gyara yana iya ƙara ko rage dubban tan a takarda, kuma a kan takardar ake ƙulla yarjejeniya da lissafin haraji. A watan Yuni na 2024 gwamnatin Nijar ta janye lasisin Imuraren daga kamfanin Orano. Duk wanda zai gaji wurin, abin da zai fara buƙata shi ne bayanan rijiyoyin da aka haƙa cikin fiye da rabin ƙarni, da ɓargon dutsen da aka adana, da ƙwararrun da za su iya sake auna su.