Bargon ƙyallaye

In ɗari ya shigo a watan Disamba, kowa ya san halin da yara ke kwana. Iska na busowa daga gabas, ɗaki ya yi sanyi ƙarara. Mai kuɗi ya tafi kasuwar Ƙonni ran Laraba ya sayo bargo. Wanda ba shi da hali fa? Sau da yawa abin da zai rufa da shi yana nan zube ƙarƙashin keken tela, ana sharewa ana kai wa juji.

Ƙyallaye nike nufi. Guntayen atamfa, ragowar shadda, tsohon zane da gefe guda ya mutu amma tsakiya na da ƙarfi. In an haɗa su hawa uku aka ɗinke, sai su zama bargo mai ɗumi, mai kyan gani.

Kada wani ya ce wannan aikin Nasara ne. Kakanninmu sun san shi. Ku tuna da lifidi, rigar da ake sa wa doki da mahayinsa zamanin yaƙi. Ƙyalle ne sama, ƙyalle ƙasa, a cusa kaɗa ko audugar rimi a tsakani, a bi da ɗinki kusa da kusa. Kibiya in ta zo sai ta maƙale ciki. Kuma ba a bar shi haka nan ba ado: ana yanka ja da fari da baƙi mai kusurwa uku, a jera. Har yanzu ana ganin ƴan lifida wurin hawan salla a biranen sarauta. Abin da ya tare kibiya, sanyi ba zai gagare shi ba.

Haɗa ƙanana su zama babba ma ba baƙon abu ba ne. Masaƙi ba ya saƙa zane gaba ɗaya. Ƙwarya yake saƙawa, siririya, faɗinta bai fi tafin hannu ba. Sai a jera ƙwarya da ƙwarya a ɗinke, a sami gwado ko luru ko saƙi. A da mata na kaɗi da mazari gida gida, kaɗa kuwa ana noma ta sosai a ƙasar Ƙonni, har ana kai ta injin gurza na Madawa. Yau masaƙa sun yi ƙaranci. Saboda haka in kina da tsohon gwadon kaka cikin adaka, kada ki yar. Ki yanke inda ya lalace, sauran ya shiga tsakiyar bargo, inda ido zai fara sauka.

To, yaya ake yi?

Abu na farko wanki. A wanke kowane ƙyalle daban, a shanya, kafin almakashi ya taɓa shi. Nan ne na yi kuskure a bargona na fari. Na haɗa sabon saƙi mai shuni da farin yadi ban wanke ba. Ranar da aka sa shi ruwa, shuni ya zuba, fari ya koma toka toka. Saƙin kuma ya tsuke, ɗinki ya tattare kamar fuskar tsohuwa. Aikin sati uku ke nan.

Bayan wanki sai yanka. A sami kwali a yanka shi murabba'i, santimetir 22 kowane gefe. Shi ne ma'auni. A ɗora bisa ƙyalle, a zana da alli ko gawayi, a yanka. Ɗinki zai ci santimetir guda kowane gefe, saura 20. In aka jera guda 6 a faɗi, guda 9 a tsawo, an sami ƙyalle 54. Bargon zai yi metir 1 da santimetir 20 a faɗi, metir 1 da 80 a tsawo. Ya ishi babba guda ko yara biyu.

Kafin a ɗinka, a shimfiɗa su bisa tabarma a tsaya daga nesa a duba. Nan ne gwaninta take. Mai duhu kusa da mai haske, kada ja ya taru wuri guda. Wata tana son layi layi kamar gwado, wata tana son kamar gidan dara. Ni dai na fi son in ga saƙar hannu a tsakiya, atamfa ta kewaye ta. Abu guda kawai za a kiyaye: kada a haɗa yadi mai kauri da marar kauri gefe da gefe, don mai ƙarfi yakan yaga marar ƙarfi.

Hawa na tsakiya, tsohon bargo ko tsofaffin zannuwa biyu sun isa. In kaɗa za a sa, a gurje ta sarai, don ɓera na bin ƙwayar. Hawa na ƙasa zane guda ne mai laushi, shi ke taɓa jiki. A haɗa ukun, a fara ɗinki daga tsakiya ana yin waje, da zare mai ƙarfi. Tsakanin layi da layi kada ya wuce yatsa huɗu, in ba haka ba cikin zai dunƙule bayan wanki. Daga ƙarshe a naɗe baki da dogon ƙyalle.

A Amurka akwai wani ƙauye na baƙar fata, Gee's Bend, a jihar Alabama. Matan wurin talakawa ne, da tsofaffin wandunan aikin gona suke yin irin wannan bargo don sanyi. A shekarar 2002 aka baje aikinsu a manyan gidajen nuni na Houston da New York, a 2006 kuma aka buga hotunan bargunan bisa tambur na wasiƙa.

Aikin gida: in bargon jariri ne, ƙyalle 4 a faɗi, 5 a tsawo, guda nawa za a yanka? Ku rubuta amsa bisa allo, kuma kowa ya zo aji na gaba da ƙyalle biyar wankakku.