Mushe a Kan Kwalta: Gargaɗi ga Direbobi da Makiyayan Damagaram

Duk mai bin hanyar Tanut, ko ta Gure, ko ta Matamaye da sassafe ya san wannan: jaki ko akuya kwance a tsakiyar kwalta, babbar mota ta take cikin dare, hankaki da shirwa da ungulu sun yi cincirindo a kai. Kafin azahar sai ka tarar da gashin tsuntsu manne kusa da mushen. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 motocin dakon mai ba su yankewa a hanyar Tanut. Ungulu kuwa ƙwai ɗaya tak take yi, kuma da rani take kwanci. Don haka a kiyaye waɗannan.

1. Direba, idan ka buge dabba, ka tsaya. Kada ka bar ta a kan kwalta ka wuce. Kai da yaron motarka ku ɗaura mata igiya a ƙafa, ku ja ta can cikin daji, nesa da inda iskar mota ke kaiwa. Jefa ta a bakin hanya bai wadatar ba.

2. In ka hango tsuntsaye a kan mushe, ka sassauta gudu tun daga nesa, ka danna oda. Kada ka ce za su tashi. Ungulun da ta ƙoshi nauyi gare ta, sai ta yi ɗan gudu a ƙasa kafin fiffike ya ɗauke ta, sau da yawa ma gaban motar take bi. Masu hawa kansu da gangan don nishaɗi su ji tsoron Allah. A wajen ungulu, uwa da uba ke karɓa-karɓar kwanci kusan kwana 50, sannan su yi wata uku ko fiye suna kai wa ɗan tsako nama a maƙogwaro. Ka kashe ɗaya, ɗayan ba zai iya tsaron sheƙa da neman abinci lokaci guda ba. Rana ta dafa ƙwan, ko hankaka ya fasa shi, ko ɗan ya mutu da yunwa a kan kuka ba wanda ya gani. A Amurka ma haka motoci ke kashe mikiya mai farin kai, wadda ke kan tambarin ƙasarsu, in ta sauka cin mushen barewa a titi.

3. Makiyayi, kada ka barbaɗa wa mushe guba don dila ko karnukan da suka addabe ka. Ungulu ce ke fara sauka, ta ci, ta kai wa ɗanta, gida guda ya ƙare. Wannan shi ne mafi muni a cikin laifuffukan nan.

4. Dabbar da ta mutu bayan an yi ta yi mata allura, a binne ta. A Indiya maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kusa ƙarar da ungulayensu kafin a hana shi a 2006.

5. Kada a taɓa mushe da hannu tsirara, kada a bar yara su yi wasa kusa da shi.

6. Masu sayar da nama da abinci a tasha, ku daina zubar da hanji da ƙashi a gefen titi. Kiran tsuntsu ne zuwa ƙarƙashin taya.

7. Kada ka tsinci ungulun da mota ta buge ka kai wa masu sayen kai da ƙafa don tsubbu. Dokar farauta ta 1998 ta hana kashe ungulu da cinikinta a Nijar. Idan da sauran ranta, ka sanar da ma'aikatan gandun daji. Kada kuma a sare itacen da ke da sheƙa, ko a hau duwatsun Kutus da ke yankin Gure don kwasar ƙwai.

A 2015 hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun nan tamu ta gari cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Dattawan unguwannin Zango da Birni sun san lokacin da mahauta ke cika da ita. Ku tambaye su yaushe rabonsu da ganin haka. Shugabannin tasha, sarakunan fawa da masu unguwanni, ku karanta wa mutanenku wannan, kuma ku tsawata wa duk wanda ya ƙi ji.