Amsar Tambaya: Ɗaukar Hoton Doki a Guje

Malam, ka ce idan ka ɗauki hoton mahaya suna sukuwa bayan la'asar, sai dawakin su fito dishi-dishi. Illar a hakika ta saurin ƙiftawar kyamara ce, domin dokin da ke tsakiyar gudu ba ya tsayuwa sarai a hoto sai ƙiftawar ta kai kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, ko ma cikin 1000, wannan kuwa ba ya samuwa idan rana ta yi sanyi sai da fim mai saurin karɓar haske.

Shawarata ita ce ka nemi Kodak Tri-X, wanda 'yan jarida suka daɗe suna dogara da shi bayan fitowarsa a 1954, ko Ilford HP5, dukansu masu lambar saurin karɓar haske 400. Idan haske ya ƙaranta, ka saita kyamara a 1600, amma da sharaɗin ka ɗauki nadin fim ɗin gaba ɗaya a haka, sa'an nan ka tsawaita wankinsa, ta yadda Tri-X da ke bukatar kusan minti bakwai a cikin ruwan D-76 zai kai kusan goma. Sakamakon haka ƙwayoyin hoton za su yi kauri, inuwa ta ƙara duhu, ni kuwa a ra'ayina wannan ya dace da ƙura da gumin filin hawa.

Ka kiyaye zafin ruwan matuƙar kiyayewa, domin an gina waɗannan ƙa'idoji ne bisa digiri 20, alhali ruwanmu na bazara ya zarce haka nesa. Ka sanyaya shi da ƙanƙara, ka auna da ma'aunin zafi kafin ka zuba.