Mai shanyewar ɓarin jiki yana buƙatar ƴan uwansa a ciwo

Wanda aka sallamo daga asibitin Maraɗi da shanyewar ɓarin jiki, ya dawo Madarunfa, babban abin da ke jiransa shi ne zaman ɗaki. Ƴan dubiya kan cika gida makon farko, sannan ƙafa ta ɗauke, alhali a watanni 3 zuwa 6 na farko ne jiki ya fi saurin farfaɗowa idan ana motsa shi kullum. Kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo baƙin ciki mai tsanani kan kama su, wanda ya karaya kuwa ba ya atisaye. Shi ya sa nake ba iyalai shawara su haɗa masu ciwon, ko mutum biyar ne, su riƙa zama mako-mako. Wanda ya koyi ɗaura zane ko yin alwala da hannu ɗaya ya fi kowa iya koya wa sabon shiga. Tsarin ma ba baƙo ba ne: a jihar Maraɗi aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, kuma irin wannan zubi zai iya biyan kuɗin mota da maganin hawan jini.

Wani zai ce fitar da maras lafiya tonon asiri ne. Ɓoyon ne ke sandarar da gaɓoɓi, yana kuma ƙarfafa zancen cewa iska ce ta taɓa shi, alhali jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. Masu tsoron a riƙa musayar magani a zaman suna da gaskiya. A kafa doka tun ranar farko: ba mai ba wani ƙwayarsa, kuma a gayyato ma'aikacin lafiya ya riƙa auna jini ko sau ɗaya a wata.