Yadda ake haɗa curcukela, alawar inabin ƙasar Jojiya

Ƙasar Jojiya, wadda ke gindin duwatsun Kokeshiya, tana da irin inabi na gida kusan 500. Biyu daga ciki, Rkatsiteli da Saperavi, a waje an fi saninsu ta hanyar giya. Amma a gidajen yankin Kaheti ana yin wata alawa da su mai suna curcukela, wadda babu maye a cikinta, domin tun ruwan inabin bai tsima ba ake ɗora shi a wuta.

Da zaɓen inabi ake farawa, a kakar Satumba da Oktoba. Rkatsiteli fari ne, zaƙinsa na tafe da ɗan tsami, alawarsa kan fito ruwan zuma. Saperavi kuwa baƙi ne, hatta cikinsa ja ne, don haka tasa alawar takan yi duhu, ɗanɗanonta ya fi ƙarfi.

Daga nan sai ƙwaya. Ana fasa wolnot, a raba ƙwayar biyu, a bar ta ta bushe sosai, domin ɗanya tana jawo fumfuna daga ciki. Sai a jera ta a zare mai ƙwari da allura, tsawon taƙi ɗaya da ɗoriya, a yi hanju a sama don ratayewa.

Babban aikin yana wajen tukunya. A matse inabi, a tace ruwan, a tafasa ana kwashe kumfa har ya ƙone ya yi zaƙi. A sauke ya huce, sannan a riƙa barbaɗa garin alkama ana damawa, don in da zafi aka zuba, gudaji zai yi. A mayar kan wuta kaɗan, ana tuƙawa da muciya ba tsayawa, har ƙaurin ɗanyen gari ya ɓace, ya yi kauri kamar talge. Wannan shi suke kira tatara. A yammacin ƙasar garin masara suke sawa.

Tun da zafinsa ake tsoma zaren, a danna shi da cokalin katako har ya nutse, a ɗago a hankali, a rataye a sanda. In ya sha iska, a sake tsomawa don rigar ta yi kauri. Ana shanya shi inda iska ke kaɗawa har ya daina manne wa hannu, sannan a naɗe a ƙyalle a ajiye wata biyu zuwa uku. Farin da ke fitowa a jikinsa sukarin inabin ne, alamar ya nuna.

Wajen ci, a zare zaren, a yanka sala-sala. Ta Rkatsiteli ta dace da baƙin shayi marar sukari. Ta Saperavi kuwa da cuku mai gishiri, irin sulguni, domin gishirin ya karya zaƙin. Galibi sai bikin sabuwar shekara ake fito da ita, wanda kuwa ya yi gaggawar kwance ƙyallen, bai ci curcukela ta ainihi ba.